Tako: Kowane Yanki Na Meziko Da Irin Nasa

A watan Mayun 2024, kamfanin Michelin na Faransa, wanda tauraronsa ke ɗaga darajar gidan abinci a idon duniya, ya fitar da kundinsa na farko a kan ƙasar Meziko. Cikin waɗanda suka samu tauraro har da wani ɗan tsukukun shago a unguwar San Rafael da ke babban birnin ƙasar, mai suna El Califa de León. Babu tebur mai shimfiɗa, babu ma'aikaci mai kwat. A tsaye ake ci. Tun 1968 sana'ar shagon guda ce: mai gashi ya shimfiɗa yankan nama a kan farantin ƙarfe mai zafi, ya barbaɗa gishiri, ya matsa lemon tsami, a gefensa kuma ana murza ƙullun masara ana gasawa nan take. Kala huɗu kacal suke sayarwa, wanda ya fi suna a ciki shi ne gaonera, da aka raɗa wa sunan Rodolfo Gaona, shahararren ɗan wasan artabu da bijimi.

Abin da ake sayarwa a wannan shago shi ne tako, wanda su ke rubutawa taco. Bayaninsa ba wuya: siririyar gurasar masara ko ta alkama mai faɗin tafin hannu, wadda suke kira tortiya, a zuba mata haɗi a tsakiya, a ɗiga miyar barkono, a lanƙwasa, a kai baki. Sai dai wannan ɗan bayani ya ƙunshi girke-girke masu ɗimbin yawa. Gurasar masarar ita ce gadon asalin mutanen ƙasar. Abin da ke cikinta kuwa shi ke faɗa maka yankin da kake, dabbar da ake kiwo a wurin, da kuma baƙin da suka taɓa sauka suka zauna.

Masara ce tushe

A kwarin kogin Balsas da ke kudancin Meziko aka fara noman masara, kimanin shekaru 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawar daji mai suna teosinte. Har yau ƙasar na da jinsin masara na gado kusan 60, akwai fara, rawaya, ja, shuɗiya, har da mai dabbare-dabbare. Littafin Popol Vuh na ƙabilar Maya ya nuna cewa a tsohon addininsu da ƙullun masara aka yi ɗan Adam, abin da ke nuna matsayin wannan hatsi a zukatansu.

Hikimar da ta mayar da masara tortiya ita ce nixtamal. Ana tafasa tsabar masara a ruwan da aka zuba wa ƙonanniyar farar ƙasa, wadda suke kira cal, ko kuma tokar itace. A bar ta ta kwana a ciki, da safe a wanke, ɓawon ya saɓule, sannan a niƙa ta jiƙe a kan dutsen niƙa. Ƙullun da ya fito yana da danƙo, yana murzuwa ba tare da ya farfashe ba, ga wani ƙamshi da garin masara zalla ba ya da shi. A faɗaɗa shi da tafi ko da maɗanni, a gasa a kan faffaɗan kasko mai suna comal. Ƙwararriyar mai yi tana sanin ta dace ne idan gurasar ta kumbura bayan juyi na biyu.

Amfanin wannan jiƙo ya wuce daɗin baki. Yana sakin sinadarin niyasin da ke ɗaure a cikin masara yadda jiki zai iya amfana da shi, yana kuma ƙara mata sinadarin ƙarfafa ƙashi. Turawa sun kwashi irin masara zuwa ƙasashensu suka bar dabarar a baya, sai talakawan da suka dogara da ita a arewacin Sifaniya da Italiya suka faɗa hannun cutar felagira, mai sa fata kaushi, ta kawo gudawa, ta taɓa hankali. Likita Gaspar Casal ya bayyana cutar a yankin Asturias tun 1735, kuma a farkon ƙarni na 20 ta yi ɓarna a jihohin kudancin ƙasar Amurka. Mutanen Meziko da suka shekara dubbai suna cin masara safe da yamma sun tsira daga irin wannan annoba.

Abin da jiragen Sifaniyawa suka sauke

Kafin zuwan Turawa, abin da ake naɗewa a tortiya shi ne wake, kabewa, barkono, tumatir, ƙananan kifayen tafki, talotalo, naman daji da ƙwari. Limamin cocin Sifaniyawa Bernardino de Sahagún, a babban kundin da ya tattara daga bakin dattawan Aztek a ƙarni na 16, ya lissafa ire-iren tortiya da miyar barkono da ake sayarwa a kasuwa. Sojan Sifaniya Bernal Díaz del Castillo shi ma ya ba da labarin yadda mata ke kawo wa sarkin Aztek, Moctezuma, tortiya a lokacin cin abinci.

Bayan faɗuwar Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a watan Agustan 1521, jagoran Sifaniyawa Hernán Cortés ya shirya wa dakarunsa liyafa a Coyoacán da aladun da aka kawo daga Kuba. Daga nan shanu, tumaki, awaki, alkama, cuku, lemon tsami da ganyen ƙamshin nan cilantro suka biyo baya. Galibin tako da aka sani a yau auren waɗannan ɓangarori biyu ne: gurasa da barkono na 'yan ƙasa, nama da kitse na baƙi.

Girkin rami

A jihar Hidalgo, musamman garin Actopan da kewaye, ranar Asabar da Lahadi da sassafe na barbacoa ne. Tun daren jiya ake haƙa rami ko a buɗe wanda aka gina, a jera duwatsu, a hura wuta har su yi jawur. A shimfiɗe ramin da ganyen maguey, wani tsiro mai dogayen ganye masu kauri da ƙaya a baki, wanda aka ɗan babbake don ya yi laushi. A ƙasa a ajiye tukunya da ruwa, shinkafa, wake da barkono. A samanta a jera naman rago gunduwa-gunduwa, a lulluɓe da ganyen, a rufe ramin da ƙasa. Naman ya kwana yana turaruwa, kitsensa na ɗiga cikin tukunyar. Da gari ya waye an samu abu biyu: nama mai zubewa daga ƙashi, da romo mai zafi da ake sha a kwano kafin a fara cin tako. Ramin dabarar 'yan ƙasa ce tun fil azal, ragon kuwa na Sifaniyawa ne. Wanda ya makara ya iske an kwashe, domin barbacoa ba ta kai la'asar.

Can kudu maso gabas, a yankin Yucatán na ƙabilar Maya, ramin sunansa pib, girkin kuma cochinita pibil. Naman alade ne da ake jiƙawa da jan irin achiote da ruwan wani lemo mai tsami da ɗaci, a naɗe a ganyen ayaba a binne. Ana cinsa da jar albasa da aka tsuma a ruwan tsami, da barkonon habanero, ɗan uwan attarugu na jini. Akwai kuma na kaza da ake yi da haɗin iri ɗaya.

Jihar Jalisco ta yi suna da birria, wadda asalinta naman akuya ne. Ana cuɗe shi da niƙaƙƙen busasshen barkono iri-iri, tafarnuwa, kanumfari da ruwan tsami, a dafa a hankali har ƙarnin akuyar ya bi iska. A Guadalajara, tsohuwar unguwar Nueve Esquinas ce matattarar masu sayar da ita. Da girkin ya isa Tijuana da ke kan iyakar Amurka sai aka koma yinsa da naman sa. Daga baya aka ƙara cuku, ana tsoma tortiya a jan man da ke saman romon a soya ta, mai ci kuma ya riƙa dangwalawa a kofin romo. Wannan sabon salo, quesabirria, ya bazu ne daga Tijuana da Los Angeles ta hotunan Instagram wajen 2018, har ya zagaye duniya.

A Michoacán kuwa carnitas ne sarki. Garin Quiroga ya shahara da shi, tukwanen jan ƙarfen da ake dafa shi a ciki kuma maƙeran Santa Clara del Cobre ke ƙerawa da guduma. Ana nutsar da alade guda a cikin kitsensa ya yi sa'o'i yana dahuwa, mai saye kuma ya faɗi sashen da yake so, tsoka ko fata ko tumbi, ko a haɗa masa duka.

Shawarmar da ta zama 'yar gida

Tun daga ƙarshen ƙarni na 19, mutanen Sham da Labanan suka riƙa barin Daular Usmaniyya ta Turkiyya suna bazuwa a duniya. Guguwar hijirar da ta kai Kwarori Dakar da Kano ita ce ta sauke 'yan uwansu a tashar jiragen ruwa ta Veracruz. Attajirin nan Carlos Slim ɗan ɗaya daga cikin waɗannan baƙi ne. A shekarun 1930, wasu iyalai daga Gabas ta Tsakiya suka fara gasa nama a tsayayyen tsinken ƙarfe mai juyawa a birnin Puebla, suna naɗe shi a gurasar alkama. Har yau ana sayar da shi a can da sunan tacos árabes, wato takon Larabawa.

Da sana'ar ta shiga babban birni sai ta sauya kama. Alade ya maye gurbin rago, aka rina naman da achiote da barkono ya koma ja, gurasar alkama ta ba ƙaramar tortiyar masara wuri, aka kuma soke abarba a ƙolin tsinken. Haka aka haifi al pastor, wanda a yau shi ne tambarin daren birnin Meziko. Shaguna irin su El Huequito, da aka buɗe a 1959, da El Tizoncito na 1966, suna cikin waɗanda ake ambata idan ana gardamar wa ya fara. Kallon mai yankan ma abin sha'awa ne: da doguwar wuƙa yake shaftare naman ya faɗa kan gurasar da ke hannunsa na hagu, sannan ya ɗaga wuƙar ya fizgi abarba daga sama ya cafe ta a iska.

Arewa da bakin teku

Arewacin Meziko ƙasar fari ce da kiwon shanu, kuma alkama ta karɓe ta tun zamanin 'yan mishan irin su Eusebio Kino, wanda ya isa Sonora a 1687. Saboda haka tortiyar fulawa ta fi yawa a can, har akwai wata a Sonora mai faɗin da ake shimfiɗa ta a kan hannu tun daga yatsu zuwa kafaɗa, siririya har ana hango haske ta cikinta. Takon yankin shi ne carne asada: naman sa a kan garwashin itacen mesquite, gishiri kawai, a daddatsa a kan katako. Mutanen Sonora na ganin yawan kayan yaji ɓoye aibin nama ne. A Monterrey kuma abin alfahari shi ne cabrito, ɗan akuyar da bai daina shan nono ba, wanda ake buɗewa a soke a sanda a jingina kusa da wuta. Akwai kuma machaca, busasshen naman sa da ake dakawa a soya da ƙwai don karin kumallo.

A gaɓar tekun Fasifik, garin Ensenada na Baja California ne gidan takon kifi. Ana tsoma yankan kifi a kwaɓin fulawa a soya, a ɗora masa yankakken kabeji, farar miya mai kirim da lemon tsami. Ya fara ne a rumfunan da ke kewaye da kasuwar kifin garin da ake kira Mercado Negro. A Mazatlán ta jihar Sinaloa akwai taco gobernador, jatan lande da cuku da koren barkono, wanda ake ba da labarin cewa gidan abinci na Los Arcos ya ƙirƙira don gwamnan jihar na lokacin, Francisco Labastida.

Abincin ma'aikaci

Tako ya fi kowane abinci sanin aljihun talaka. Da safe a babban birni za ka ga mutum a kan keke da babban kwando a baya, an lulluɓe shi da shuɗiyar leda, ga gorunan miya biyu a rataye. Tacos de canasta ke nan, takon kwando. Tun asuba ake cika ƙananan tortiya da dankalin turawa, dakakken wake ko fatar alade, a jera su ɗaruruwa a kwandon, a kwarara musu tafasasshen mai da albasa, a rufe ruf. Zafin da ke ciki ya ci gaba da turara su har tsakar rana, shi ya sa ake musu laƙabi da masu gumi. Ƙauyen San Vicente Xiloxochitla na jihar Tlaxcala kusan gaba ɗayansa da wannan sana'a yake ci, har bikinta suke yi duk watan Disamba.

Daga hantsi zuwa azahar lokacin tacos de guisado ne, girkin gida da ya fito titi. Mai sayarwa kan jera kaskon ƙasa goma ko fiye: kaza da aka yayyaga a miyar tumatir da barkono mai hayaƙi, niƙaƙƙen nama da dankali, koren barkono da kirim, hanta da albasa, dafaffen ƙwai da shinkafa. Ka nuna da yatsa a zuba maka. A jihar Morelos sukan fara shimfiɗa shinkafa a kan gurasa biyu kafin miyar, don ɗaya tak ya riƙe cikin lebura.

Da dare kuma sai masu kayan ciki su fito. Akwai wani faffaɗan kasko mai tudu a tsakiya, kitse na tafasa a kewayensa, inda suadero, wani siririn nama da ke tsakanin fatar sa da haƙarƙari, ke dahuwa tare da hanji da tsiran alade, ana ɗumama gurasa a kan tudun. Kusa da shi ga mai kan sa, wanda ke turara kan a tururi ya sayar da shi gaɓa-gaɓa: harshe, kumatu, leɓe, ido, ƙwaƙwalwa. Ba a zubar da komai. Matsayin taquero, wato mai sayar da tako, a unguwa irin na mai tsire ne a wurinmu: kowa da nasa, kuma ba ya yarda akwai wanda ya fi shi.

Ganye, fure da ƙwari

Ba duk tako ne na nama ba. Akwai na nopal, tsiron nan mai ƙaya da gaggafa ke tsaye a kansa a tutar ƙasar, wanda ake kankare ƙayarsa a gasa ko a dafa. Akwai na furen kabewa, da na ganyayen da ke fitowa da kansu a gonar masara, waɗanda suke kira quelites. Da damina kuma sai huitlacoche ya shigo kasuwa. Burtuntunar masara ce, wadda manomi a wasu ƙasashe ke gani ya yi salati, amma a Meziko tsadarta ta fi ta masarar da ta kama. Ana soya ta da albasa ta yi baƙi ƙirin. Abincin wani, gubar wani.

A kasuwannin Oaxaca ana tara chapulines tuli-tuli, wato fara da aka soya da tafarnuwa, gishiri, barkono da lemon tsami, abin da ba zai ba mutumin Maraɗi ko Maiduguri mamaki ba. A Hidalgo da Tlaxcala ana haƙo escamoles, ƙwayayen wata tururuwa, a ɗan lokaci kafin damina, a soya da man shanu, kuma suna cikin abinci mafi tsada a ƙasar. Akwai tsutsar maguey, akwai kuma jumiles na garin Taxco, wani ƙwaro mai ƙarfin wari da ake yi wa biki a watan Nuwamba.

Miya da ladabin ci

Ɗan Meziko zai yafe wa shago ƙarancin nama, amma ba zai yafe masa lamin miya ba. Akalla biyu ake ajiyewa: koriya ta tomatillo, wani ɗan tumatir mai riga, da ja ta busasshen barkono. Ta gargajiya a turmin dutse mai suna molcajete ake daka ta. Wasu shagunan na ƙarawa da ta fiya. Idan mai sayarwa ya tambaye ka "con todo?", yana nufin ko a sa maka albasa da cilantro. Gurasa biyu ake haɗawa don kada romo ya huda ta. Ba a sa cokali, ba a kuma ɗaga tako sama: da yatsu uku ake riƙe shi, mutum ya karkata kai ya same shi. A shaguna da yawa sai ka gama ci ake tambayarka nawa ka ci, ka faɗa da bakinka ka biya. Abin sha kuwa, jan ruwan da suke kira agua de jamaica zoɓo ne tsantsa.

Siyasar gurasa

Abin da duniya ta fara sani da sunan tako, mai ƙamasasshen ɓawo da niƙaƙƙen nama da rawayan cuku, na Amurka ne. Glen Bell ya kafa Taco Bell a Kalifoniya a 1962. Sau biyu kamfanin na gwada shiga Meziko, a 1992 da 2007, duka biyun ya tattara ya fice.

Barazanar gaske a gida take. Tun da Fausto Celorio ya fito da injin tortiya a ƙarshen shekarun 1940, kamfanin Maseca kuma ya fara sayar da garin nixtamal busasshe a 1949, aiki ya yi wa mata sauƙi ƙwarai, amma yawancin gurasar birni ta koma ta garin kamfani, wadda masana girki ke cewa ba ta kai ta sabon ƙullu ƙamshi ba. Yarjejeniyar ciniki ta NAFTA a 1994 ta buɗe ƙofa ga masarar Amurka mai araha, ƙananan manoma da yawa suka bar gona. A watan Janairun 2007 farashin tortiya ya yi tashin gwauron zabo, dubun-dubatar mutane suka yi zanga-zanga a babban birni, har gwamnatin Felipe Calderón ta ƙulla yarjejeniyar ƙayyade farashi da 'yan kasuwa. A 2010, a taronta na Nairobi, hukumar UNESCO ta sa girkin gargajiyar Meziko cikin kayan gadon ɗan Adam. A watan Maris na 2025 kuma, ƙarƙashin shugaba Claudia Sheinbaum, aka gyara tsarin mulki don hana shuka masarar da aka sauya wa ƙwayar halitta, da nufin kare irin gado.

Ga mai niyyar zuwa

Birane ukun da aka zaɓa a Meziko don gasar cin kofin duniya ta 2026, wato babban birni, Guadalajara da Monterrey, kowanne na wakiltar gida guda na tako: na tsinke da kayan ciki, na akuya, da na garwashi. Musulmin da ya je can sai ya yi hattara, domin alade ya shiga girkin ƙasar sosai, mahautan halal kuma ba su da yawa. Kalmomin da zai riƙe su ne cerdo ko puerco, wato alade, da manteca, wato kitsensa, wanda kan ɓuya a cikin dakakken wake da tortiyar fulawa. Al pastor, carnitas da cochinita duk na alade ne, suadero kuma sau da yawa kasko ɗaya yake kwana da tsiran alade. Ko kwaɓin takon kifi wasu da giya suke yinsa. Matambayi ba ya ɓata: gasasshen kifi, nopal, furen kabewa, huitlacoche da dankali duk suna nan, muddin an tabbatar da man da aka yi amfani da shi.

Wanda ba shi da niyyar tafiya ma akwai abin da zai ɗauka. Masarar da muke tuƙa tuwo da ita daga Meziko ta samo asali, amma ta iso mana ba tare da dabarar nixtamal ba. Bincike ya tabbatar da cewa wannan jiƙo, ban da ƙarin gina jiki, yana rage gubar afalatoksin da ke kama hatsin da ya sha danshi a rumbu. Toka da farar ƙasa ba su fi ƙarfin kowane gida ba. Ya kamata cibiyoyin binciken aikin gona da na abinci a ƙasashenmu su gwada wannan hanya a kan masararmu, su kuma faɗa wa jama'a sakamakon da suka samu.